Tarihin Ƙugiyar Harafi, Daga Maɗaba'ar Zariya Zuwa Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya zauna a ajin yaƙi da jahilci, ko a Kanya Babba ne, ko Babura, ko Roni, ko Gwiwa, ba zai manta da ranar da malami ya rubuta k da ƙ a allo gefe da gefe ba. Bambancinsu ɗan lanƙwasa ne kawai a ka, wanda a takarda bai fi ƙwayar gero ba. Amma da shi a ke raba baki da baƙi, da kafa da ƙafa, da bari da ɓari. In wasiƙa ta zo wa mai gida ta ce ɗansa ya tafi fada, sai ya yi murna, ya ce yaro ya sami shiga wurin manya. In kuwa ta ce ya tafi faɗa, ranar ba zai yi barci ba. Wannan ƙugiya tana da tarihi, ta kuma sha wuya ƙwarai kafin ta sami wurin zama cikin na'urorin zamani.

Kafin zuwan Turawa, malaman ƙasar Hausa da ajami su ke rubutu, kuma ba su rasa dabarar raba waɗannan sautuka ba. Suna rubuta k da kaf lasan, ƙ kuwa da ƙaf wau, ɗ kuma da ɗa mai hannu. Da aka zo rubuta Hausa da baƙaƙen Turawa sai aka tarar babu su a ciki, domin bakin Bature ba ya furta su. Kowane marubuci ya yi tasa dabara: wani ya ɗiga ɗigo ƙarƙashin harafi, wani ya sa ɗan waƙafi a gefensa, wani ya ƙyale shi haka nan, mai karatu ya yi ta lalube. Hanns Vischer, wanda Kanawa su ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano cikin 1909, ya kuma fitar da ƙa'idodin rubutun boko cikin 1912, amma maganar ba ta zauna ba tukuna.

Cikin shekarun 1930 ne aka tsai da shawara. A lokacin R. M. East shi ne shugaban Hukumar Talifi a Zariya, wadda ta shirya gasar 1933 da ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Aka ga ɗigo yana ɓacewa wajen bugu, waƙafi kuma yana cika takarda da tarkace. Sai aka ɗauki shawarar masana harsunan Afirka, irin su Diedrich Westermann na Jamus, masu cewa kowane sauti a ba shi harafinsa guda. Aka lanƙwasa kan b da d da k, aka zuba su da ƙarfe kamar sauran baƙaƙen maɗaba'a. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a watan Janairu na 1939, ita ta yaɗa su ko'ina. Bayanta aka kafa Kamfanin Gaskiya cikin 1945, da hukumar NORLA cikin 1954, wadda ta buga littattafan da aka yi yaƙi da jahilci da su a Jihar Arewa, har ƙasar Kano, inda Kanya Babba ta ke a wancan zamani.

To, muddin harafi ƙarfe ne, sha'anin mai sauƙi ne. In babu ƙ a akwatin mai jera baƙaƙe, sai a aika a zubo. Wahala ta faro ne sa'ad da rubutu ya bar ƙarfe ya koma lamba.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lissafi kaɗai ta sani. Cikinta akwai ƙananan ƙwayoyi marasa iyaka, kowace ɗaya ko dai a kunne ta ke ko a kashe. A kan haɗa su takwas takwas, kamar yadda a ke ɗaure zangarniya a yi dami, kowane takwas a kira shi bayit. Bayit guda yana iya riƙe lamba ɗaya daga 0 zuwa 255, ba ya wuce nan. Saboda haka in ana so na'ura ta ajiye rubutu, tilas a yi yarjejeniya a ce lamba kaza ita ce harafi kaza. Mutanen Amurka suka yi tasu cikin 1963, suka kira ta ASCII, suka gyara ta cikin 1967. Gurbi 128 ne a cikinta: A ta sami 65, b ta sami 98, d ta sami 100, k ta sami 107. Ba a ajiye wa ƙ ko ɗ ko ɓ kome ba. Ba ƙeta ce ta sa ba, su dai Ingilishi su ke rubutawa, kuma Ingilishi ya ishe su.

Sauran gurabe 128 da suka rage a bayit, kowace ƙasa ta cusa nata. Mutanen Faransa da Jamus suka sa wasulansu masu alama, Rashawa suka sa baƙaƙensu, Larabawa ma haka. Lamba guda sai ta zama harafi kaza a Masar, ta zama wani dabam a Rasha. An shirya wa harsunan Afirka nasu tsari cikin 1983, mai suna ISO 6438, domin ɗakunan ajiye littattafai, amma bai bazu ba. Masu buga Hausa sai suka koma dabarar dā, suna rubuta k' da d' da b', ko su bar harafin tsirara, ko kuwa su sami wani zanen baƙaƙe na musamman wanda aka cire wani harafin da Hausa ba ta bukata aka dasa ƙ a gurbinsa. Wannan ta ƙarshe tana yin kyau a na'urar mai ita, amma da an kai rubutun wata na'ura sai ƙugiya ta gudu, baƙon harafi ya fito.

Maganin abin daga gabas mai nisa ya ɓullo. Mutanen Japan da Sin suna rubutu da alamomi dubbai, bayit guda ba zai ɗauke su ba ko ta yaya. Tun 1978 Japan ta tsara ba kowace alama bayit biyu. Da aka gauraya wannan da baƙaƙen Turawa a takarda guda, sai ga rubutu wanda wani harafinsa bayit ɗaya ne, wani biyu. Shi a ke kira rubutu mai tarin bayit. Yana da kyau wajen ajiya da aikawa, gama ba ya ɓarnar wuri, amma yana da wuyar sarrafawa. In aka ce wa na'ura ta kawo harafi na goma, ba ta da ikon tsallakawa ta ɗauko bayit na goma, sai ta faro daga farko tana ƙirgawa. Don haka masu rubuta manhaja suka ƙago hanya ta biyu, watau a ba kowane harafi gurbi mai faɗi, duka girmansu ɗaya, ko harafin ƙarami ne ko babba. Wannan shi ne faffaɗan harafi.

Misalinsa kamar fatake ne. A kan hanya kaya iri iri ne: wani ƙunshi ne a ka, wani mangala ce a bayan jaki, buhu biyu amma kaya ɗaya. In an iso kasuwa kuwa sai a sauke, a juye kowane kaya a ma'auni iri guda, sa'an nan ciniki ya yiwu. Aikin juyewar nan shi ne mayar da rubutu mai tarin bayit zuwa faffaɗan harafi.

Akwai wani harshe na umartar kwamfuta da a ke kira C, wanda Dennis Ritchie ya ƙago a ɗakunan bincike na Bell a Amurka wajen 1972. Harshe ne na ƙasa ƙasa, kusa da ƙarfen na'ura, mai aiki da shi da hannunsa ya ke taɓa kowane bayit, kuma da shi aka gina harsashin yawancin manhajojin da duniya ke amfani da su. Da aka zo daidaita ƙa'idodinsa cikin 1989, sai aka sa masa gurbin faffaɗan harafi, aka kira shi wchar_t, aka kuma sa masa 'yan ma'aikata masu juyewa. Ɗaya sunansa mbtowc, harafi guda ya ke juyewa. Wani sunansa mbstowcs, shi kuwa jimla ya ke ɗauka sukutum. Sunayen ba su da daɗin faɗi, gutsattsarin kalmomin Ingilishi ne aka harhaɗa. Abu uku a ke ba mbstowcs: inda zai zuba, da inda zai ɗebo, da yawan gurbin da aka tanada, don kada ya zuba ya malala cikin kayan wani. In ya gama sai ya faɗi ko harafi nawa ya samu.

Amma ƙa'idar 1989 ba ta faɗi lambar da za a ba kowane harafi ba. Wannan aikin wata ƙungiya ce ta yi shi, mai suna Unicode, wadda ma'aikatan kamfanonin Xerox da Apple suka faro, irin su Joe Becker da Lee Collins da Mark Davis. Nufinsu kowane harafi na kowane harshe a duniya ya sami lambarsa tasa shi kaɗai. Littafinsu na farko ya fito a watan Oktoba na 1991, wata biyu bayan an yanke Jihar Jigawa daga Kano ran 27 ga Agusta. A cikinsa baƙaƙen Hausa suka sami gurbi: ƙ ta sami 409, Ƙ 408, ɓ 595, ɗ 599, ƴ kuma 436. Mai karatu zai lura ɓ da ɗ sun yi nisa da 'yar'uwarsu ƙ. Dalili kuwa, an tarar da su tun dā cikin baƙaƙen da masanan furuci ke aiki da su, sai aka bar su a wancan layi.

Sauran tambaya ɗaya: yaya 409 za ta shiga bayit, alhali kuwa bayit ba ya wuce 255? A watan Satumba na 1992 Ken Thompson da Rob Pike, su ma mutanen Bell ne, suka zauna cin abinci a wani ɗan gidan abinci a New Jersey, Thompson ya zana amsar a takardar da a ke shimfiɗa wa faranti. Ita ce a ke kira UTF-8, kuma yau fiye da kashi 95 cikin 100 na shafukan intanet da ita a ke rubuta su. Ga yadda ta ke. Duk lambar da ba ta kai 128 ba, bayit guda ce, daidai da yadda ta ke a ASCII, don haka tsohon rubutu bai lalace ba. Bayit da ya kama daga 194 zuwa 223 jagora ne, yana shaida cewa akwai mabiyi guda a bayansa. Daga 224 zuwa 239 mabiya biyu ne, daga 240 zuwa 244 uku. Mabiyi kuwa kullum tsakanin 128 da 191 ya ke, saboda haka ba a ɗaukarsa jagora, ba a kuma ɗaukarsa harafi mai zaman kansa.

Wanda ya iya sau da tarawa yana iya yin aikin mbstowcs da fensir. A ce an ba shi bayit biyar: 98, 97, 198, 153, 105. Na farko b ne, na biyu a. Na uku ya faɗa layin jagora mai mabiyi guda, sai a ɗebe 192 daga 198, saura 6. A ɗebe 128 daga 153, saura 25. A yi 6 sau 64, ya ba da 384, a tara da 25, ya zama 409. Ga ƙ ta fito. Na ƙarshe i ne. Bayit biyar, harafi huɗu, kalmar kuwa baƙi ce. Haka ɗ ta ke tafiya a 201 da 151: 9 sau 64 ya ba da 576, a tara da 23, ya zama 599. Alamar Naira, kuɗin da aka fara kashewa cikin 1973, lambarta 8358, ita bayit uku ta ke ci.

Inda a ke tuntuɓe ya fi inda a ke tafiya daidai yawa, kuma duk mai karanta Hausa a waya ya taɓa ganin sakamakon ko da bai san sunansa ba. In manhaja ba ta juye ba, ta ɗauki 198 da 153 a kan haruffa biyu bisa tsohon tsarin Turai ta yamma na Windows, sai ƙ ta fito Æ™, ɗ ta fito É—, baƙi ya koma baÆ™i. Rubutun bai ɓace ba, yana nan lafiya lau a ciki, mai karanta shi ne ya raba mangala biyu ya ce kaya biyu ne.

Wani tuntuɓen na ƙirga ne. Sunan Tafawa Ɓalewa gurbi 13 ne har da filin tsakiya, amma bayit 14. Manhajar da ke ƙirga bayit tana zaton harafi ta ke ƙirgawa za ta yi kuskuren ɗaya. In kuma aka ce ta yanke sunan a bayit na 8 don ya shiga wani ɗan akwati a takardar rajista, sai wuƙa ta faɗa tsakiyar Ɓ, jagora ya tsaya ba mabiyi. Duk lokacin da mbstowcs ya iske irin wannan, ba ya yin kame kame, sai ya tsaya ya mai da alamar kuskure. Mai manhaja nagari ya kan duba wannan alama. Malalaci ba ya dubawa, ya ɗauke ta a kan yawan haruffa, ita kuwa a na'ura lamba ce mai girman gaske, daga nan sai manhaja ta faɗi ko ta buɗe ƙofa ga ɓarayin intanet. Saboda rubutun da ke isowa gutsure gutsure ta waya, inda jagora kan zo a wannan ƙunshi mabiyinsa a na gaba, aka ƙara wa C wani ma'aikaci cikin 1995, mai suna mbrtowc, wanda ke riƙe rabin harafi a ransa har sauran ya iso.

Akwai kuma wani tarko wanda ya fi kama sababbin hannu. Kowace manhajar C, in ta tashi, tana farawa ne da zaton rubutu irin na dā ne, bayit guda harafi guda. Sai mai ita ya kira wani umarni mai suna setlocale, ya shaida mata tsarin da a ke bi a wurin, kafin mbstowcs ya san cewa 198 jagora ne. A na'urorin Linux har akwai tsari na Hausar Nijeriya, mai suna ha_NG. In an manta da wannan layi guda, wata na'ura ta ƙi rubutun, wata ta ɗauki kowane bayit harafi. Abin da ya sa kuskuren ke daɗewa ba a gane ba shi ne, wanda ya gwada manhajarsa da Ingilishi kaɗai ba zai ga kome ba. Kai, ko da Hausa ya gwada, in da Kanya Babba da Kazaure da Roni ya gwada, lafiya za ta wuce, gama babu ƙugiya a cikinsu ko ɗaya. Sai ranar da aka shigar da sunan wani Ɗanladi ko wata Ɗayyaba abin zai tonu. Yaron da ya tashi daga ajin garinsu ya kai cibiyar koyon ilmin kwamfuta da gwamnatin Jigawa ta kafa a Kazaure a farkon shekarun 2000, ya fi Bature saurin kama wannan kuskure, domin sunayen danginsa ne ke lalacewa.

Shi kansa faffaɗan harafin ba a daidaita faɗinsa ba, kuma nan magabata suka yi gajeren hange. Mutanen Unicode da fari sun zaci gurbi 65,536 zai ishi duniya, watau bayit biyu. Kamfanin Microsoft ya gaskata su, ya gina Windows NT na 1993 a kan haka. Kafin 1996 an gane bai isa ba, aka faɗaɗa zuwa 1,114,112. Linux ta ba faffaɗan harafinta bayit huɗu, kome ya shiga. Windows kuwa ta riga ta yi gini, ba ta iya rushewa, har yau nata bayit biyu ne. Baƙaƙen boko na Hausa ba su damu ba, lambobinsu ƙanana ne. Na ajami ma sun shiga, har da waɗanda aka ƙara cikin 2016 domin rubutu irin na Warshu, da masu ɗigo uku da aka ƙara cikin 2020 domin Hausa. Amma ga Adlam, rubutun Fulatanci da 'yan'uwa biyu, Ibrahima da Abdoulaye Barry, suka ƙago a Gini cikin 1989, aka karɓe shi a Unicode cikin 2016. Harafinsa na farko lambarsa 125,184. A Windows tilas a raba shi gurbi biyu, watau faffaɗan harafin da aka yi don a huta da mangala ya koma mangala. Cikin 2011 aka ƙara wa C gurabe biyu masu tsayayyen faɗi, char16_t da char32_t, don mai manhaja ya san abin da ya riƙa.

Talaka ma ya biya kuɗin wannan sha'ani daga aljihunsa. Gajeren saƙon waya yana ɗaukar harafi 160 in duka suna cikin ɗan jerin da kamfanonin waya na Turai suka tsara. Babu ƙ a jerin. Da mutum ya sa ƙugiya guda, sai wayar ta juye saƙon duka zuwa faffaɗan harafi mai bayit biyu, ya koma ɗaukar 70 kaɗai, saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku, kuɗi ya ninka. Tun da wayar hannu ta bazu a Nijeriya daga 2001, samari suka saba da rubutu ba ƙugiya, wasu don babu ita a maɓallan wayar, wasu don tsimi, har ya zame musu jiki. Yanzu wayoyi masu shafawa suna da allon rubutun Hausa, kuma manhajoji irin su WhatsApp ba su cajin kome a kan ƙugiya, amma sabo bai saki mutane ba. Fasfo kuwa, layuka biyu na ƙasan shafinsa waɗanda na'ura ke karantawa, cikin haruffa, daga A zuwa Z kaɗai su ke karɓa, bisa ƙa'idar duniya.

Saura harafi guda wanda har yanzu bai sami matsaya ɗaya ba. Ƙasar Babura tana iyaka da Jamhuriyar Nijar, mutanen ɓangarorin biyu suna cin kasuwa tare, suna auratayya, bakinsu ɗaya. Amma sautin farkon kalmar 'ya'ya, a Nijar da ƴ a ke rubuta shi, harafi guda mai lamba 436, a Nijeriya kuwa da waƙafi da y, kamar a sunan 'Yankwashi ta ƙasar Kazaure. Waƙafin ma iri uku ne a na'ura, ido ba ya raba su sosai: akwai miƙaƙƙe mai lamba 39, bayit guda; akwai mai lamba 700, bayit biyu, wanda Unicode ta lasafta shi harafi; akwai lanƙwasasshe mai lamba 8217, bayit uku, wanda manhajojin rubutu ke sakawa da kansu ba a tambaye su ba. Duka huɗun mbstowcs zai juye su daidai, ba kuskure, ya ba da lambobi huɗu dabam dabam. Saboda haka magatakardan da ya rubuta 'Yankwashi da waƙafi na farko, in abokin aikinsa ya zo neman sunan da na uku, manhajar da ba a koya mata haɗa su ba sai ta ce masa babu wannan gari a rajista.